Amsoshin Tambayoyinku: Yaƙin Kwana Shida na 1967 da abin da ya bari

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa a shirin Amsoshin Tambayoyinku. Yawancin wasiƙun da suka taru a teburinmu wannan makon a kan magana ɗaya suke, wato yaƙin da aka gwabza tsakanin Isra'ila da maƙwabtanta Larabawa a watan Yunin 1967, wanda ake kira Yaƙin Kwana Shida. Saboda haka shirin yau gaba ɗaya nasa ne.

Za mu fara da wasiƙar wani dattijo daga Fagge a birnin Kano. Ya ce a lokacin yana saurayi, sukan taru a shagon wani tela mai akwatin rediyo su kamo tashar Alƙahira. Da kunnensa ya ji ana cewa sojojin Masar na kakkaɓo jiragen Isra'ila kamar fari, har aka yi ta kabbara a ƙofar shago. Ba a yi mako ba sai ga labari wai an ci Larabawa da yaƙi. Ya ce sama da shekara 50 ke nan wannan abu na damunsa: yaya aka yi nasara ta rikiɗe ta zama faɗuwa?

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Kunnenka bai yaudare ka ba, abin da aka faɗa ke nan. Sai dai ba nasarar ce ta rikiɗe ba, tun farko babu ita. Tashar Sautul Arab ta Alƙahira, da fitaccen mai shelarta Ahmad Sa'id, tana karanto sanarwar da rundunar soji ke miƙo mata ne, ita kuwa sanarwar ƙarya ce.

Ga abin da ya auku. Ranar Litinin 5 ga Yuni, da ƙarfe 7:45 na safe agogon Isra'ila, jiragen yaƙinta kusan 200 suka afka wa sansanonin sojin saman Masar. Da yawansu ta kan Bahar Rum suka zagayo, suna tafiya ƙasa-ƙasa dab da ruwa don kada na'urar hango jirage ta gan su, kuma babu matuƙin da ya yi magana a rediyo. An zaɓi lokacin da gangan: jiragen Masar masu sintirin asuba sun riga sun sauka, matuƙa suna karin kumallo. Da farko suka farfasa titin tashin jirage, sannan suka bi jiragen da ke jere a fili suna ƙonawa. Kafin azahar Masar ta yi asarar jirage kimanin 300, akasarinsu ko tashi ba su samu yi ba.

Akwai wani abu da duk lokacin da na karanta shi sai raina ya ɓaci. Sojojin Jodan da ke tashar hango jirage ta Ajlun sun ga tahowar jiragen, kuma sun aika wa Masar kalmar sirrin da aka shirya, wato "inabi". Ashe Masar ta sauya lambobin sirrinta ba ta sanar da su ba, saƙon bai yi amfani ba. Shi kuma babban kwamandan Masar, Abdul Hakim Amir, yana cikin jirgi a sararin sama a daidai wannan lokaci, an kuma umarci masu bindigogin kakkaɓo jirage su dakata don kada su harbo shi.

To Baba, ba ku kaɗai aka ruɗa ba. Shugaban Masar Jamal Abdul Nasir kansa sai da yamma ya san girman ɓarnar. Sarki Husaini na Jodan ma an shaida masa cewa Masar ce ke kan gaba, ya shiga yaƙin duk da saƙon da Isra'ila ta aika masa ta hannun jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya, Janar Odd Bull, cewa in ya kame hannunsa ba za a taɓa shi ba. Washegari Amir ya ba dakarun da ke Sina'i umarnin janyewa ba tare da wani tsari ba. Kowa ya yi ta kansa. Motoci da tankoki suka cushe a mashigin dutse na Mitla, jiragen Isra'ila na yi musu ruwan wuta, dubban sojoji suka fantsama cikin rairayi a ƙafa, ƙishirwa ta kashe da dama. Masar ta rasa sojoji sama da 10,000, Isra'ila kuwa ba ta kai 1,000 ba a dukkan fagagen. A Siriya ma rediyo ya taka irin wannan mummunar rawa: ranar 10 ga wata gidan rediyon Dimashƙa ya sanar da faɗuwar garin Ƙunaiɗira tun kafin ya faɗi, sojojin da ke Tuddan Golan suka ji, suka ja da baya. Mu da muke aikin nan na magana a rediyo, wannan tarihi nauyi ne a wuyanmu, domin mai saurare amana ya ba ka.

Sai wasiƙar wata malamar makaranta daga Damagaram, tana tambaya: wa ya tsokano faɗan?

Malama, in harbin farko kike nufi, Isra'ila ce, wannan babu ja. Amma wutar ta daɗe tana ruruwa. A watan Afrilun 1967 Isra'ila ta harbo jiragen Siriya 6 a wata arangama. Ranar 13 ga Mayu Tarayyar Sobiyet ta tsegunta wa Nasir cewa Isra'ila ta jibge dakaru a iyakar Siriya, labarin da ba gaskiya ba ne. Nasir ya tura sojoji Sina'i, ya nemi dakarun kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya su fice, Babban Sakatare U Thant ya janye su. Ranar 22 ga Mayu ya sanar da rufe mashigin ruwa na Tiran ga jiragen ruwan Isra'ila, alhali tun 1957 Isra'ila ta ce rufe wannan mashigi a wurinta shelar yaƙi ce. Ranar 30 ga Mayu Sarki Husaini ya sauka Alƙahira ya sa hannu kan yarjejeniyar tsaro. Shi dai gaba kura ce baya sayaki: in ya ƙi, talakawansa su tayar masa, in ya shiga, ya san ƙarfin bai kai ba. 'Yan Najeriya za su tuna wannan rana da wani abin daban, don a ranar ce Ojukwu ya ayyana Biyafara.

Jama'ar Isra'ila sun tsorata ƙwarai a waɗannan makonni, har an tanadi wuraren binne gawawwaki, kuma kalaman da ke fitowa daga rediyoyin Larabawa na tayar da hankali ne. Duk da haka Menachem Begin, wanda minista ne a gwamnatin Isra'ila a lokacin yaƙin, ya faɗa a 1982 cewa jibge sojojin Masar a Sina'i bai tabbatar da Nasir zai kawo hari ba, su ne suka yanke shawarar far masa. A ganina Nasir ya yi wasa da wuta ne don ya kare martabarsa a idon Larabawa, alhali dubban zaratan sojojinsa na can maƙale a yaƙin Yaman, Isra'ila kuma ta samu damar da ta shafe shekaru tana yi wa shiri.

Wani direban babbar mota daga Garwa ya tambaya ko gaskiya ne Nasir ya yi murabus. Gaskiya ne, Malam. Daren 9 ga Yuni ya fito ya ɗauki alhakin abin da ya kira naksa, wato koma baya, ya ce ya miƙa mulki ga Zakariyya Muhyiddin. Mutane suka cika titunan Alƙahira suna kuka suna roƙon ya zauna, washegari ya janye. Ya rasu a Satumban 1970. Mashigin Suwez kuwa a rufe ya zauna shekara 8 cur, da jiragen ruwa 15 maƙale a ciki, sai 5 ga Yunin 1975 aka sake buɗe shi.

Yanzu ga wasiƙar wata Hajiya daga Zangon Kumasi. Ta ce a faɗa mata ƙasashen da aka ƙwace, sannan wai ta ji ana cewa akwai Hausawa a Birnin Ƙudus, shin haka ne?

Hajiya, barka da ƙoƙari. Daga hannun Masar an karɓe Sina'i da Zirin Gaza. Daga Jodan, Gaɓar Yamma da Kogin Jodan haɗe da Gabashin Ƙudus. Daga Siriya, Tuddan Golan. Ƙasar da ke hannun Isra'ila ta ninka fiye da sau 3 cikin kwana 6, Falasɗinawa kusan miliyan 1 suka wayi gari ƙarƙashin mulkin sojinta. Wasu kimanin 300,000 suka tsere ko aka kore su, yawanci zuwa Jodan, a cikinsu har da waɗanda tun 1948 suke zaune a sansanin gudun hijira, wato karo na biyu ke nan suna ɗaukar ƙullin kaya a ka.

Tsohon birnin Ƙudus ya faɗi ranar Laraba 7 ga Yuni. Wasu sojoji suka kafa tutar Isra'ila a kan Ƙubbatus Sahra, ministan tsaro Moshe Dayan ya sa aka sauke ta, ya kuma bar kula da harabar Masallacin Aƙsa a hannun hukumar waƙafi ta Musulmi, tsarin da har yau ake tafiya a kansa ana kuma rikici a kansa. Amma a daren 10 ga wata aka shigo da katafila Unguwar Magariba, wadda ke jikin bangon da Yahudawa ke ibada a gabansa. Unguwa ce da ɗan Salahuddin Ayyubi ya yi waƙafinta ga mutanen Arewacin Afirka tun ƙarni na 12. Aka ba mazauna ɗan taƙaitaccen lokaci su fita, aka rushe gidaje kimanin 135, mutum wajen 650 suka rasa matsuguni. Wurin ne babban filin da ake nunawa yau a talabijin.

Batun Hausawa kuwa, abin da kika ji gaskiya ne. Dab da Babul Majlis, ɗaya daga ƙofofin shiga harabar Aƙsa, akwai tsofaffin gine-gine biyu na zamanin Mamalik suna kallon juna, Ribaɗ Ala'uddin da Ribaɗ Mansuri. A nan zuriyar 'yan Afirka ke zaune, waɗanda kakanninsu suka fito daga Najeriya, Chadi, Sudan da Senegal, cikinsu da Hausawa da Barebari. Alhazai ne da suka sauke farali a Makka suka zarce ziyarar masallaci na uku, zama ya kama su, wasu suka zama masu gadin ƙofofin masallacin. Yaƙin 1967 ya raba su, wasu suka tsallaka Jodan, sauran suna nan a bakin wannan ƙofa, Larabci a bakinsu, suna kiran kansu Falasɗinawa 'yan asalin Afirka.

Tambaya ta ƙarshe daga wani ɗalibin jami'a ne a Yamai. Ya ce kullum yana jin "iyakokin 1967" da "ƙuduri mai lamba 242", me ake nufi, kuma me ya hana a aiwatar?

Ɗan'uwa, iyakokin 1967 su ne layin da kowa yake kai ranar 4 ga Yuni, kafin a fara harbi. Bayan yaƙin shugabannin Larabawa sun taru a Hartum, ranar 1 ga Satumba suka fito da matsaya: ba sulhu, ba amincewa, ba tattaunawa da Isra'ila. Ranar 22 ga Nuwamba Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri na 242 ba tare da ko ƙasa ɗaya ta ƙi ba, kuma Najeriya da Mali da Habasha suna cikin mambobin da suka ɗaga hannu. Ƙashin bayansa shi ne a mayar da ƙasa a samu zaman lafiya.

Inda gizo ke saƙa shi ne lafazin. Bahaushe zai fi kowa saurin ganewa. In mai bin ka bashi ya ce "ba ni kuɗi", ko nawa ka miƙa ka ba da. In ya ce "ba ni kuɗin", ka san duka yake nufi. To rubutun Ingilishi, wanda jakadan Birtaniya Lord Caradon ya gabatar, ya ce a janye daga "yankuna" da aka mamaye, na Faransanci kuma ana karanta shi "yankunan". Isra'ila ta riƙe na farko, Larabawa suka riƙe na biyu. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne ƙudurin ko sunan Falasɗinawa bai ambata ba, "matsalar 'yan gudun hijira" kawai ya ce. Wannan na cikin abin da ya sa suka daina jiran gwamnatocin Larabawa, har Yasir Arafat ya karɓi ragamar PLO, ƙungiyar fafutukar 'yantar da Falasɗinu, a 1969.

An aiwatar da shi a wuri ɗaya. Bayan yaƙin Oktoban 1973 da yarjejeniyar Camp David ta 1978, Masar ta yi sulhu a 1979, ta karɓi Sina'i a 1982, shugabanta Anwar Sadat kuma ya rasa ransa a 1981. Jodan ta yi nata sulhun a 1994, bayan ta sauke da'awarta kan Gaɓar Yamma tun 1988. Golan kuwa Isra'ila ta shimfiɗa dokokinta a kansa a 1981. Gaza kuma Isra'ila ta kwashe sojojinta da 'yan kama-wuri-zauna daga ciki a 2005, amma ta ci gaba da riƙe sararin sama da teku da yawancin mashigai, kuma duk kun ga irin bala'in da ya sauka a can tun Oktoban 2023.

A Gaɓar Yamma ne abin ya yi jijiya. Tun Satumban 1967 aka kafa matsugunin Kfar Etzion, a cikin watan da lauyan ma'aikatar harkokin wajen Isra'ila, Theodor Meron, ya rubuta wa gwamnatinsa a asirce cewa zaunar da fararen hula a yankin da aka mamaye ya saɓa wa Yarjejeniyar Jeniba ta Huɗu. Ba a saurare shi ba. Yau 'yan kama-wuri-zauna sun haura 700,000 a Gaɓar Yamma da Gabashin Ƙudus. A watan Yulin 2024 Kotun Duniya da ke birnin Heg ta ba da ra'ayin shari'a cewa ci gaba da mamayar haramun ne, a kawo ƙarshenta. Gwamnatin Isra'ila ta yi watsi da shi. Jaririn da aka haifa a Nablus ko Halil a makon yaƙin nan yanzu yana da jikoki, kuma har yau sai ya tsaya a shingen soja ya nuna takarda kafin ya isa Ƙudus.

Lokaci ya cimma mana. Akwai wasiƙu biyu kan yaƙin 1973 da yadda ƙasashen Afirka, har da Nijar da Najeriya, suka yanke hulɗa da Isra'ila a waccan shekara, da su za mu buɗe shirin mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Baba na Fagge, a gaida mana sauran abokan zaman shagon tela da ke raye, waɗanda suka riga mu kuma Allah ya jiƙansu. A huta lafiya.