Maroƙi a Teburin Dungeons & Dragons: Yadda Ake Gina Shi da Yadda Ake Riƙe Shi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya san abin da kiɗa ke yi wa namiji. Ɗan dambe ya gaji, ƙafa ta fara rawa, sai makaɗi ya sauya kiɗa, ya kira sunan ubansa da na garinsu, nan take ka ga ya miƙe kamar yanzu ya shigo fage. Makaɗin bai kai naushi ko ɗaya ba, amma da shi aka yi kisan. Wannan aiki shi ne aikin gwarzon da za mu warware yau, wanda littafin wasan ke kira Bard. Mu a nan Maroƙi za mu ce, domin duk wanda ya tsaya a ƙofar fadar Zazzau ranar hawan salla ya riga ya san shi.

Ga wanda bai taɓa zama a teburin ba: Dungeons & Dragons wasan labari ne da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mutum ɗaya ne ke jan labarin, mu kira shi madugu, sauran kowa ya riƙe gwarzonsa guda. Ba kuɗi ake zubawa ba, tatsuniya ce ake ƙirƙira tare, dayis kuma shi ke yanke hukunci idan aka gwada abu mai haɗari. Maroƙi ya shigo wasan a 1976. Lambobin da za ku ji yau na bugu na biyar ne, wato na 2014, kuma yawancin ƙa'idojin maroƙi suna cikin kundin da kamfanin Wizards of the Coast ya saki kyauta a intanet. Inda gyaran 2024 ya sauya wani abu mai muhimmanci, za mu faɗa.

Kayan aiki ba su da yawa: takarda, fensir, da dayis. Mai fuska 20 shi ne babba. Idan babu shi, manhajar waya tana jefa shi, ko a rubuta 1 zuwa 20 a ƙananan takardu a zuba cikin hula. Mai fuska 6 kuwa ɗan ludon gidanku ne, kuma shi ne makamin maroƙi na farko, saboda haka a ajiye shi kusa.

To mu gina shi. Kowane gwarzo yana da siffofi 6: ƙarfi, zafin nama, juriya, ilimi, basira da kwarjini. Littafin ya ba da lambobi 6 a raba musu: 15, 14, 13, 12, 10 da 8. Ka ba kwarjini 15 ba tare da shawara ba, domin sihirin maroƙi duk daga nan yake fitowa. Zafin nama 14, juriya 13. Takwas ɗin a jefa wa ƙarfi, maroƙi ba ɗan dako ba ne. Asalin da ka zaɓa, wato irin halittar da gwarzonka yake, mutum ko wani jinsi, zai ƙara maka maki kaɗan. Ka kai kwarjini 16 ko 17, juriya kuma 14. A lissafin wasan, kwarjini 16 da 17 duk ƙarin 3 suke bayarwa, 14 kuma ƙarin 2.

Ku dubi abin da ya fito a takarda. Makin rai 10, wato 8 da 2 na juriya. Makin kariya, lambar da mai sara zai kai kafin ya same ka, da sulken fata 13 ne, wato 11 da 2 na zafin nama. Sai lambar da abokin gaba zai kai kafin ya tsira daga sihirinka: 8, da 2 na gwaninta, da 3 na kwarjini, 13 ke nan.

Ku tsaya a kan wannan goma ɗin. Goblin, ɗan ƙaramin dodon da sababbin 'yan wasa suka fi haɗuwa da shi, yana da ƙarin 4 a sara. Tara kawai yake buƙata ya same ka, wato sau 60 cikin 100, kuma kowace sara tana cin maki 3 zuwa 8. Sara biyu masu kyau, maroƙi yana ƙasa. Wannan ne kuskuren da ya fi kashe sababbin maroƙa: an ba shi takobi a takarda, sai ya zaci gaban fage ne wurinsa. Wurinka bayan mayaƙi ne. Yawancin abin da kake yi yana kai ƙafa 60, gida 12 ke nan a kan taswirar da kowane gida ƙafa 5 ne. Yi amfani da wannan tazarar.

Yanzu zuga, wadda ita ce zuciyar maroƙi. A kowane zagaye, wanda daƙiƙa 6 ne a cikin labari, kana da tafiya, da babban aiki ɗaya, da wani ƙaramin aiki da za mu kira gyara, kamar gyaran da mai awo ke ɗora maka a kan mudu. Zuga gyara take ci. Ka zaɓi abokin tafiya ɗaya da ke jin muryarka cikin ƙafa 60, ka miƙa masa dayis mai fuska 6. Cikin minti 10 zai iya jefa shi ya ƙara a kan sara, ko gwajin gwaninta, ko jifan tsira, wato jifan kauce wa sihiri ko haɗari. Ba ka zuga kanka, kuma mutum ba ya riƙe zuga biyu a lokaci guda. Adadin zugarka daidai yake da ƙarin kwarjininka, wato 3, kuma ba sa dawowa sai an yi dogon hutu na awa 8.

Nawa ne darajarta? Mayaƙi mai ƙarin 5 da ke son saran goblin mai kariya 15 yana samunsa sau 55 cikin 100. Da zuga a hannunsa, abin ya haura 72. Kuma ga daɗin: yana jefa mai fuska 20 tukuna, ya ga abin da ya fito, sannan ya yanke shawara, muddin madugu bai riga ya faɗi sakamako ba. Idan ya jefa 7, da 5 ya zama 12, saura 3, to ya ƙara, domin fuska 4 cikin 6 za su kai shi. Idan 2 ya jefa, ya riƙe abarsa, ko 6 ba za ta cece shi ba. Madugu mai kirki yakan ɗan yi shiru bayan jifa saboda wannan. Madugun da ke saurin cewa ka kuskure yana ƙwace wa maroƙi rabin aikinsa, ku gaya masa tun kafin a fara.

Hanya biyu zuga ke lalacewa. Ta farko rowa: maroƙi ya yi ta ajiya yana jiran babban dodo, a tashi wasa da zuga 3 a aljihu. Ta biyu mantuwa: an ba mutum, ya manta, minti 10 suka wuce. Maganin mantuwa shi ne ka ɗauki ɗan ludon da hannunka ka ɗora a kan takardarsa. Abin da ido ke gani ba a mantawa da shi. Game da wa za a ba, mu mun fi son a ba wanda jifansa ɗaya ke da nauyi, kamar ɓarawon tawaga da sararsa guda ke ɗauke da ƙarin ɓarna, ko wanda zai tsallake rami da faɗuwa cikinsa mutuwa ce. A gyaran 2024 an tsawaita ta zuwa awa 1, kuma ana ƙara ta bayan an san an faɗi, wanda ya rage wannan matsala ƙwarai.

Sihiri. A mataki na 1, inda sabon gwarzo ke farawa kafin ya riƙa hawa, kana da ƙananan sihiri 2 da ba sa ƙarewa, da manya 4 da ka sani, amma gurbi 2 kacal na jefa su kafin dogon hutu. A cikin ƙananan ɗauki wanda muke kira zambo. Ka yi wa dodo baƙar magana, ya yi jifan tsira da basira. In ya faɗi, ya rasa maki 1 zuwa 4, kuma a sararsa ta gaba zai jefa dayis biyu ya ɗauki ƙarami. Ɓarnar ba komai ba ce, kuskuren da kake sa shi yi ne riba. Goblin basirarsa ƙasa take, sau 65 cikin 100 zambon zai kama shi.

A cikin manya, kalmar waraka ba ta da madadi. Gyara take ci, tana kai ƙafa 60, tana mayar da maki 4 zuwa 7. Kaɗan ne, shi ya sa ba a ɓata ta a kan wanda ke tsaye da rauni. A jira sai mutum ya faɗi sumamme, domin ko maki 1 ya samu ya farfaɗo, ya daina jifan mutuwa da sumamme ke yi don a ga ko zai rayu, ya sake samun zagayensa. Ka lura da abu biyu. Ita da zuga gyara ɗaya suke nema, ba a yin su tare. Kuma zagayen da ka yi ta, babban aikinka ba zai zama wani babban sihiri ba, sai dai ƙarami kamar zambo.

Sai sihirin barci. Ana jefa dayis 5 masu fuska 8, matsakaicin abin da ke fitowa 22 ne da rabi, kuma goblin makin ransa 7 ne, wato uku za su iya kifewa a jifa ɗaya ba tare da jifan tsira ba. Amma yana farawa ne daga mai ƙarancin makin rai a cikin da'irar ƙafa 20, kuma bai san aboki ba. Idan ɗan uwanka mai rauni yana ciki, shi zai fara minshari. Daga mataki na 4 ko 5 dodanni sun fi ƙarfinsa, sai ka musanya shi, tunda duk hawan mataki an yarda ka sauya sihiri ɗaya.

Akwai kuma hasken tonon asiri, wanda ke zagaye abokan gaba da haske har duk mai saransu ya jefa biyu ya ɗauki babba. Wannan yana cikin sihirin da ke buƙatar riƙon hankali. Guda ɗaya ake riƙewa. Ka jefa na biyu, na farko ya zube. Kuma duk lokacin da aka ji maka rauni sai ka yi jifan juriya ka kai 10, ko rabin ɓarnar in ya fi 10. Da ƙarin 2, sau 35 cikin 100 zai kuɓuce maka. Kun ga dalili na biyu na tsayawa baya.

Batun kayan kiɗa yana da daɗi, domin littafin ya ba ka gwaninta a guda 3, kuma sauya musu suna ba ya taɓa ko lamba ɗaya. Inda ya ce ganga, rubuta kalangu ko kotso. Inda ya ce abin tsirkiya, gurmi ko garaya ko kuntigi. Na gogawa goge ne, na busa sarewa ko algaita. Abin lura shi ne hannu. Kalangu yana son hammata da makaɗi, goge yana cin hannu biyu, kuma wasu sihirin suna buƙatar hannu a sake. Sihirin da muke kira tsawa, alal misali, ba ta fita idan takobi na hannu ɗaya kayan kiɗa na ɗayan. Zambo, kalmar waraka da hasken tonon asiri kuwa murya kawai suke so. Raunin maroƙi ma a nan yake: a cikin da'irar sihirin shiru, ko in an toshe masa baki, yawancin aikinsa ya tsaya. Tsawar nan kuma ana jin ta daga ƙafa 300, kada a yi ta ana cikin sanɗa.

A mataki na 2 kana ƙara rabin makin gwanintarka a duk gwajin da ba ka ƙware a kai ba, har da jifan wanda zai fara motsi, abin da mutane da yawa ke mantawa. A mataki na 3 ka ninka gwaninta a fanni 2, sannan ka zaɓi makaranta. Ta jarumta tana ba da sulke matsakaici da garkuwa, da sara biyu a mataki na 6; makaɗin yaƙi ke nan mai bin dawaki. Ta masana labari tana ƙara fannoni 3 da abin da muke kira habaici: dodo ya ɗaga makami, ka kashe zuga ɗaya a matsayin martani, wato aikin da ake yi a zagayen wani, ka jefa dayis a cire daga sararsa. Ga sabon ɗan wasa mun fi ba da shawarar ta biyun, domin tana koya maka sa ido a zagayen kowa. Sai dai habaici da zuga tukunya ɗaya suke ci, ukun nan dai ne.

Kalma biyu kan zaman tebur. Ba dole ka rera waƙa ba. Layi ɗaya na kirari ya isa: ka kira sunan gwarzon, ka faɗi abin da ya yi jiya, ka miƙa dayis. Zambo kuma na dodo ne, ba na ɗan uwan da ke zaune kusa da kai ba. Sannan kwarjini ba ya juya zuciya: ko ka jefa 20, sarki ba zai sauka ya ba ka gadon mulki ba, iyaka ya yi dariya ya bar ka ka fita da kanka a wuya.

A mataki na 5 lissafin yana canzawa gaba ɗaya. Dayis ɗin zuga ya koma mai fuska 8, daga baya mai 10 a mataki na 10, mai 12 a na 15, kuma zuga ta fara dawowa da gajeren hutu na awa 1. Idan ka kai kwarjini 18 a mataki na 4, zuga 4 gare ka, da hutu biyu a yini sun zama 12. Daga nan ka riƙa ba da ita tun zagayen farko na kowane faɗa, kuma kai ne za ka riƙa tuna wa tawaga su zauna su huta awa ɗaya kafin a buɗe ƙofa ta gaba.