Jawabin Maraba ga Farfesa, Masanin Tattalin Arziki da Harkar Ƙwadago, a Madadin 'Yan Kasuwa da Masu Sana'a na Katsina

Bismillahir Rahmanir Rahim. Wakilin Mai Martaba, iyayenmu malamai, shugabannin kasuwa, iyayenmu mata, Assalamu alaikum.

Farfesa, Allah ya ƙara ilimi, barka da sauka Katsina ta Dikko, ɗakin kara. Mun san tafiyarka. Daga Zariya ka faro, karatu ya kai ka Amurka, yau kana koyarwa a makarantar nazarin kasuwanci, kuma tambayar da ka riƙe tsawon shekarun nan ita ce wadda muke kwana da ita: wane ne ke samun aiki, nawa ake biyansa, me ya sa wani ke rasawa.

Ga abin da ya sa muka matsa sai ka zo. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 marasa aiki sun kai kashi 33.3 cikin ɗari. Daga baya ta ce a farkon 2023 kashi 4.1 ne. Masana'antu ba su ƙaru ba a tsakani, ma'aunin ne aka sauya. A da, wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba ana lissafa shi cikin marasa aiki. Yanzu awa ɗaya ta isa. To yaron da ya tura baro sau biyu ranar kasuwa, ya koma majalisa ya zauna har sati ya zagayo, a takarda ma'aikaci ne. Ba mu ce an yi ƙarya ba, an ce haka duniya ke auno. Amma uwar yaron nan ta san abin da ke cikin tukunyarta.

Akwai kuma aikin da ido ba ya gani. A 1967 wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, ta zauna nan Batagarawa, bakin hancinmu. Ta lura cewa ciniki mai yawa yana gudana a cikin gidaje, a hannun matan aure da ba sa fita: wannan tana sayar da hatsi da mudu, waccan ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wata fura, yara na kai da kawowa. Ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Farfesa, har gobe yana nan, sai dai yau waya ta shiga ciki. Da yawanmu a zauren nan da kuɗin dakan uwa da adashinta aka saya mana allo da littafi, ni ma ina cikinsu. Duk lissafin da ya tsaya a ƙofar zaure ya bar rabin Katsina a baya.

Sai cin rani. Da an kai amfanin gona gida, samarinmu kan nufi Kano, Abuja, Legas, ga-ruwa, dako, gadi, acaba, su dawo da faɗuwar ruwa. Mun ji abokan aikinka sun gwada wani abu a Rangpur ta Bangaladash a 2008: aka ba magidanta ɗan kuɗin mota su tafi birni a lokacin ƙarancin abinci, aka tarar iyalansu sun fi samun abin sawa a baki. Mu iyayenmu sun daɗe da sanin wannan. Abin da ya dame mu yanzu shi ne rashin tsaro ya raba mutane da gonakinsu a yankin Batsari, Safana da Jibiya, ɗan cin rani ya tafi ba ranar dawowa. Muna roƙon ka saka wannan cikin bincikenka.

Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 mun yi maraba da shi, amma yaron shago da ɗan koyon walda ba su san da zamansa ba. Nasu sai ranar da ubangida ya yaye su da jari.

Gobe in Allah ya kai mu za mu zaga da kai Babbar Kasuwa, ka ji daga bakin maɗinka, maƙera da 'yan dako, sannan shugabar mata ta shirya maka zama da masu sana'ar gida. Ka tambaye su duk abin da kake so, ka ba su lokaci, don Bakatsine kunya gare shi.

Allah ya sa ka koma gida lafiya. Farfesa, bismillah, zaure naka ne.