2, 4, 6: Inda kusan kowa ke faɗawa rami

Ku dubi waɗannan lambobi: 2, 4, 6. Akwai wata ƙa'ida a raina da waɗannan lambobi suka bi, ku kuma aikinku ku gano ta. Ku kawo naku lambobi uku, ni in ce "eh, sun bi" ko "a'a". Iyakar wasan ke nan, amma tun da muka saka shi ake ta musu a kansa, har da masu cewa yaudara ce.

Ba yaudara ba ce, kuma ba ni na ƙirƙiro shi ba. Peter Wason, wani masanin halayyar ɗan Adam a Landan, shi ya wallafa gwajin a 1960. Ɗalibai 29 ya gwada, 6 kacal suka faɗi ƙa'idar daidai a karon farko. 'Yan jami'a fa, ba 'yan firamare ba.

Ga yadda abin yake faruwa. Mutum ya ce a ransa, ai biyu-biyu ake ƙarawa. Ya kawo 8, 10, 12. Eh. Ya kawo 20, 22, 24. Eh. Ya kawo 100, 102, 104. Eh. Sai ya gyara zama ya ce, "Malam, na gano!"

Bai gano ba. Ƙa'idar ita ce kowace lamba ta fi wadda ta gabace ta girma. Shi ke nan.

To, a nan za mu ɗan dakata, domin nan ne ake yin ɓatan kai. Mutumin zai ce, "Amma sau uku aka ce mini eh!" Gaskiya ne. Sai dai ku ɗauka akwai da'irori biyu, ƙarama a cikin babba. Babbar ita ce ƙa'ida ta gaskiya, duk lambobin da ke hawa. Ƙaramar da ke cikinta ita ce hasashensa, masu hawa biyu-biyu. Duk gwajin da ya yi, daga cikin ƙaramar ya ɗauko shi. Ko sau dubu ya ɗauko daga nan, eh zai ji, ko hasashensa daidai ne ko ba daidai ba. Amsar da aka san ta tun kafin a yi tambaya, me ta ƙara masa?

Wani zai ce, to bari in juya su: 6, 4, 2. A'a. Madalla, ya yi ƙoƙari, amma har yanzu bai fita ba, domin dama shi ma a'a yake tsammani. Wanda zai tona asirin shi ne irin 1, 2, 3, ko 5, 40, 900. A hasashensa ya kamata a ce a'a. Sai ya ji eh. Wannan eh ɗin guda ɗaya ta fi waɗancan ukun daraja, don ita ce ta rushe masa gini.

Kada dai mu mai da mutanen wawaye. A 1987 wasu masu bincike biyu, Joshua Klayman da Young-Won Ha, sun nuna cewa gwada abu a inda kake sa ran zai tabbata dabara ce mai amfani a lokuta da dama. Inda take cutarwa shi ne idan hasashenka ya fi gaskiyar ƙunci, kamar a nan. A ganina abin da ya fi wuya ma ba lissafin ba ne. Jin "eh" yana da daɗi, kuma ba mai son ya nemo wa kansa "a'a" da hannunsa.

Irin wannan ramin yana nan a rayuwarmu ta yau da kullum. Kun san masu cewa in tafin hannu ya yi ƙaiƙayi, kuɗi na tafe. Tambaye su, za su lissafo maka ranakun da hakan ta faru tiryan-tiryan. Mai son ya gwada da gaske, ya sami takarda ya rubuta ranakun da hannun ya yi ƙaiƙayi aljihu ya kwana wayam, da ranakun da kuɗin suka shigo hannun bai ko motsa ba. Wata guda ya isa. Kuma don Allah, ma'aikata, ban da sosa hannu ranar da aka san za a biya albashi.