Me ya sa jiragen yaƙinka suka maƙale a tsakiyar teku?

Tambayar nan ta yi yawa a wurin masu buga wasannin dabarun yaƙi na kwamfuta: an gina rundunar jiragen ruwa, an tura ta, sai ga alamar ja a kanta. Babu wanda ya harbe ta, amma sai lalacewa take yi. Kwal ne ya ƙare, wato makamashin jiragen tururi.

Ku ɗauki misalin katin bayanan wani jirgi a wasan. An rubuta yana iya tafiyar mil 4,000 na teku. Yawancin 'yan wasa suna ganin wannan adadi sai su ɗauki ma'auni su ja layi daga gida zuwa gaɓar abokin gaba. A nan ake yin ɓarnar.

Na farko dai, zuwa da dawowa ne. Idan babu tashar da za ta ba ka kwal a can, raba shi biyu, saura 2,000. Sannan an auna adadin ne da tafiyar lallaɓa, kamar mil 10 a awa. Ruwa kuwa ba ya son gaggawa. Ka ninka gudun jirgi sau biyu, kwal ɗin da tukunyar tururi ke ci a awa guda ya ninka kusan sau takwas, a kowane mil kuma kusan sau huɗu. Wato jirgin mil 4,000, in ka sake masa linzami a mil 20 a awa, da ƙyar ya ci 1,000. Yaƙi kuma da gudu ake yinsa. Don haka ware kusan sulusin rumbun don ranar artabu, abin da ya rage shi ne ainihin da'irarka. Zana ta a taswira ka gani. Ƙarama ce, ko? To haka take.

Kuma tsakiyar da'irar ba babban birninka ba ne, tasha ta ƙarshe ce da za ka iya loda kwal. Shi ya sa Ingila ta jera tashoshi a hanyar gabas: Jibralta, Malta, Adan da ta kama a 1839, Kolombo, Singafo. Wasu tsibiran ba su da abin a zo a gani, amma a wasa ni na fi son ɗaya daga cikinsu a kan lardi guda mai cike da gonaki.

Izinin wucewa daban, izinin amfani da tasha daban. A wasan Europa Universalis IV, duk da zamanin jiragen filafilai ne, sai ka nemi izinin ajiye jirage a tashar wata ƙasa, kana biya duk wata, kafin iyakar samun guzurinka ta faɗaɗa. A duniyar gaske ma, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta birnin Heg ta 1907 ta ba jirgin ƙasa mai yaƙi awa 24 a tashar 'yar ba-ruwanmu, da kwal daidai wanda zai kai shi tasharsa mafi kusa, kuma kada ya dawo neman ƙari sai bayan wata uku.

In babu tasha fa? Sai jiragen dakon kwal. Haka Rasha ta yi a Oktoban 1904, lokacin yaƙinta da Japan, ta taso da runduna daga tekun Baltik, jiragen hayar kamfanin Jamus suna tarbarta da kwal a hanya. Hotunan lokacin sun nuna buhuna jibge a kan bene, har cikin ɗakunan kwana, ƙura ta maida kowa baƙi ƙirin. Bayan tafiyar mil kusan 18,000 suka iso mashigar Tsushima da ke tsakanin Koriya da Japan a ƙarshen Mayun 1905, jirage sun yi nauyi, mutane sun jigata, Japan da ke ƙofar gidanta ta yi musu kaca-kaca.

Saboda haka kafin ka danna tafi, buɗe taswirar guzuri, ka nemi tashar da da'irarta ta taɓa wurin yaƙin. In babu, fara da diflomasiyya ko ka kama tsibiri, jiragen su jira a gida tukuna.