Sankarar Huhu a Ƙasar Sin: Ciwon da Hoton Ƙirji Ba Ya Nunawa

A shekarar 2022 kaɗai, an gano sankarar huhu a jikin mutum fiye da miliyan 1 a ƙasar Sin, ta kuma kashe sama da dubu 700. Amma da yawa daga masu ciwon ba a taɓa faɗa musu sunansa ba.

Ga yadda abin ke faruwa. Sakamako ya fito, likita ya kira ɗa ko mata ofis, majinyaci na kwance a ɗaki. Iyali su haɗa baki a ce masa kumburi ne kawai a huhu. Dokar ƙasar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2021 ta bar wannan kafa: idan bai dace a gaya wa majinyaci ba, a gaya wa danginsa na kusa. Niyyar ta alheri ce, gudun kada ya karaya. Sai dai wanda ake ɗura wa magani gashinsa na zuba ba yaro ba ne. Ya gane. Ya yi shiru don kada hankalin 'ya'yansa ya tashi, su ma su yi shiru saboda shi. Maganar gado, bashi, inda yake so ya ƙarasa kwanakinsa, duk ta maƙale.

Gyaran yana farawa tun kafin sakamako ya fito, da tambaya ɗaya: "Baba, in likita ya kira, kana so a faɗa maka komai, ko a bar mu da shi?" A sake tambaya bayan wasu makonni, domin ra'ayi na canzawa.

Sai kuma gano damuwar kanta. Dattijon Sin ba kasafai zai ce yana baƙin ciki ba. Zai ce barci ya ƙaurace masa, abinci ba ya shiga, ƙirji ya yi nauyi. Shi ya sa masana a Asibitin Sankara na Jami'ar Peking suka gwada wani ma'auni mai sauƙi: majinyaci ya zaɓi lamba daga 0 zuwa 10 kan damuwarsa a makon da ya wuce. Daga 4 zuwa sama, a zauna da shi a binciko dalili, ko zafi ne, ko kuɗi, ko tsoro.

Zargi ma nauyi ne. Kusan rabin mazan ƙasar na shan taba, don haka namiji kan ji "kai ka jawo wa kanka". Matan kuwa, akasarinsu ba su taɓa sha ba. Abin da suka shaƙa hayaƙin tabar miji ne, hayaƙin mai a kicin, ko na kwal irin na Xuanwei a lardin Yunnan.

Mai jinya fa? Saboda tsarin haihuwar ɗa ɗaya da aka kawo ƙarshensa a 2015, sau da yawa mutum ɗaya ne ke kwana a asibiti, shi ne kuma ke neman kuɗin. A wani lungu kusa da asibitin sankara da ke birnin Nanchang akwai kicin da masu jinya ke biyan yuwan 1 su dafa miyar gida, a gaban murhun kuma suke samun wanda za su yi wa kuka.

Ƙungiyar masu murmurewa daga sankara ta Shanghai, wadda aka kafa a 1989, tana haɗa sabon majinyaci da wanda ya daɗe yana fama. Rukunonin manhajar hira ta WeChat ma na taimakawa, amma a kula: ƙuraje da gudawa sanannun illolin gefitinib ne, wani maganin sankarar huhu, likita ke daidaita su. Kada a daina shan maganin don wani a rukuni ya tallata ganye.