Yadda Ake Mayar da Tsohuwar Rauta Ta Zama Mai Watsa Waifai a Wani Sashen Gida

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Idan rautarka tana falo, amma da ka shiga ɗakin baya ko ka hau bene sai waifai ya koma sanda ɗaya, to ka gyara zama. Katangar bulo da rufin siminti mai rodi suna cinye sigina ƙwarai. Maganin da ya fi ƙarko shi ne a ja kebul zuwa inda siginar take mutuwa, a ajiye rauta ta biyu a can. Ko tsohuwar da aka jefa a durowa za ta yi, in dai tana kamawa.

Rautar gida aiki uku take yi a lokaci guda: tana karɓo intanet, tana raba wa kowace na'ura lambar adireshi, tana kuma watsa waifai. Daga rauta ta biyu, aiki na ukun kaɗai muke so. Duk saitin da za mu yi yanzu na raba ta da sauran biyun ne.

Kayan aikin ba su da yawa. Babbar rauta mai kafar LAN a bayanta, wato ramin da ake soka kebul ɗin intanet, don ƙaramar MiFi ta aljihu galibi ba ta da ita. Sai kwamfuta, sai kebul na Cat5e ko Cat6 wanda bai wuce mita 100 ba. Wajen sayen kebul a yi hattara, kasuwa cike take da wanda cikinsa alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Ka kankare sili ɗaya da reza, in ka ga fari a ciki, bar musu kayansu. Saurin karyewa gare shi, kuma in zango ya yi tsawo yana rage gudu.

Da farko ka gano adireshin babbar rauta. A kwamfutar Windows da ke haɗe da ita, buɗe cmd ka rubuta ipconfig, ka duba layin Default Gateway. Rautocin Huawei masu layin waya yawanci 192.168.8.1 ne, TP-Link 192.168.0.1, wasu da dama kuma 192.168.1.1. Mu ɗauka taka 192.168.8.1 ce. Rubuta lambar a burauza, ka shiga, ka nemi wajen da aka rubuta DHCP, wato saitin rabon adireshi. Nan za ka ga daga ina zuwa ina take rabon adireshi, misali daga 192.168.8.100 zuwa 192.168.8.200. Ke nan daga 2 zuwa 99 babu mai taɓa su, a ciki za mu zaɓar wa ta biyu nata. In ka tarar rabon ya fara tun daga 2, matsar da farkonsa zuwa 10 ko 100.

Yanzu ɗauko ta biyun, amma kada ka haɗa ta da babbar tukuna. Kunna ta, sa allura ko tsinken sakace a ɗan ramin reset, ka danne kamar daƙiƙa 10 har fitilun su yi ƙiftawa. Kashe waifai na kwamfutarka, ka haɗa ta da ɗaya daga kafofin LAN na rautar da guntun kebul. Adireshin shiga da kalmar sirri suna kan takardar da aka manna a ƙarƙashinta.

Kafin ka wahalar da kanka, duba ko akwai Operation Mode a cikin saitin. Rautoci da yawa na yanzu suna da zaɓin Access Point a wurin. In akwai, zaɓe shi, ita za ta ƙarasa sauran da kanta. In babu, sai mu yi da hannu, kuma a nan jerin aikin yana da muhimmanci.

Fara da adireshi. Shiga saitin LAN, ka sauya lambarta zuwa 192.168.8.2, ka bar subnet mask a 255.255.255.0. Kashi uku na farko dole su zo daidai da na babbar rauta, na ƙarshen ne kawai zai bambanta. Za ta mutu ta sake tashi. Zare kebul ɗin kwamfutar ka mayar, sannan ka shiga ta sabuwar lambar. Sai ka saita waifai. Kashe DHCP shi ne na ƙarshe. Wanda ya fara da kashe shi yakan rufe kansa a waje, domin kwamfutarsa ba ta da mai ba ta adireshi, sai dai ya sa mata da hannu ko ya sake danna reset.

Me ya sa muka nace a kan DHCP? Kamar a ce malamai biyu ne suke raba wa 'yan aji ɗaya lambar zama, kowa da rajistarsa. Duk wayar da ta shigo, rautar da ta riga amsawa ita za ta ba ta adireshi. In ta biyun ce ta riga, za ta nuna wa wayar cewa ita ce ƙofar fita zuwa intanet, alhali ba ta da hanyar ko'ina. Sai ka ga waya ta nuna ta haɗu amma babu abin da yake buɗewa, ta maƙwabcinka a kujera kuwa tana aiki lafiya lau, gobe abin ya juya. Matsalar da take zuwa tana tafiya irin wannan ta fi kowace wahalar ganowa, kuma sau da yawa kamfanin layi ake ɗora wa laifi.

Sai haɗin kebul: daga kafar LAN ta babbar zuwa kafar LAN ta ƙaramar, wato ta biyun. Kafar WAN, wadda yawanci launinta daban ne, a bar ta haka nan. In ka soka a WAN ba tare da kana kan Access Point ba, gidan ya rabu gida biyu ke nan. Wayar da ke wannan sashe ba za ta ga firinta ko kyamarar tsaro ko talabijin da ke wancan ba.

Sunan waifai kuma, a ganina ka sa iri ɗaya a duka biyun, da kalmar sirri ɗaya, da tsaro iri ɗaya, wato WPA2 mai AES. Ta haka waya za ta riƙa komawa kan wadda ta fi kusa. Amma wayar ce take yanke shawarar sauyawa, kuma wasu suna da naci, sai su maƙale wa ta nesa har siginar ta kusa ƙarewa. Rage ƙarfin watsawa na rautocin zuwa matsakaici yana taimakawa. Abin da bai kamata ya zo ɗaya ba shi ne tasha, wato Channel a cikin saitin. A zangon 2.4 GHz, tashoshi 1 da 6 da 11 ne ba sa hawa kan juna. Ba wa babbar 1, ƙaramar 6 ko 11, faɗin tashar kuma 20 MHz.

In an gama, tsaya kusa da ta biyun ka duba adireshin da wayarka ta samu. In ya fara da 192.168.8, intanet kuma yana buɗewa, komai ya zauna. Kwamfuta kuwa in ta nuna mai farawa da 169.254, ba ta samu mai ba ta adireshi ba, sai ka bincika kebul da kafar da ka soka. In gudun ya tsaya ƙasa da megabit 100 alhali layinka ya fi haka, ko dai kafofin tsohuwar rautar iyakarsu ke nan, kamar TL-WR841N, ko kuma an matse kan kebul ɗin ba daidai ba. Gudun gigabit sai silin nan takwas duk suna aiki, na megabit 100 kuwa huɗu sun ishe shi, shi ya sa kebul mai sili ɗaya a karye zai iya yin aiki amma a hankali.

Batun wuta, duka biyun suna buƙatarta. In an ɗauke a sashen babbar, ƙaramar za ta ci gaba da nuna sanda cike amma babu intanet. Kada kuma a musanya musu caja, wata 12V take ci, wata 9V, an rubuta a jikin kowace. Idan kebul ɗin zai ratsa tsakar gida zuwa wani gini, a sa shi cikin bututun roba a binne, nesa da wayar lantarki. Wanda aka rataye a sarari rana tana gasa robarsa har ta tsage, da damina kuma tsawa tana iya bin sa ta ƙona kafofin rautocin duka biyu.