Ka auro 'yar wata ƙasa, shin ta zama 'yar Najeriya kenan?

[Hoto: ɗaurin aure a ƙofar masallaci, ana rabon goro da alewa]

Assalamu alaikum jama'a. Duk sanda bidiyon wani ɗan uwanmu da ya auro baturiya ko balarabiya ya fara yawo a TikTok, magana ɗaya ce za ka ga ta cika ƙasan bidiyon, "shikenan ta zama tamu, a ba ta koren fasfo". In kuma 'yar uwarmu ce ta auri ɗan Sudan ko ɗan Pakistan sai ka ji ana cewa ai shi ma ya zama ɗan ƙasa tunda an shafa fatiha. Toh duka biyun ba haka dokar ƙasar nan ta ce ba, kuma na biyun ma ya fi nisa da gaskiya sosai.

[Hoto: babbar ƙofar ABU a Samaru, sai kasuwar Sabon Gari]

Mu nan Zariya wannan ba baƙon abu ba ne. Tun da aka buɗe ABU a 1962 malamai da ɗalibai daga ƙasashe daban daban ke zuwa suna aure a nan, ga 'yan kasuwarmu masu zirga zirga Maraɗi da Damagaram, ga yaranmu da suka je karatu Masar da Sudan suka dawo da digiri da kuma amarya, Allah ya sa albarka. Don haka ku zauna mu bi abin daki daki, amma matakan farko da gudu zan wuce su don ba nan matsalar take ba.

[Hoto: takardar shaidar aure a kan tebur]

Na farko takardar aure. Shaidu da waliyyi sun wadatar a addini, amma ofis takarda yake gani, don haka ka nemi shaidar aure a rubuce mai hatimi, in a waje aka ɗaura kuma da Larabci ko Faransanci take a fassara ta a tantance ta. Abu ɗaya da zan ja kunne a nan, auren rajista na gwamnati na mace ɗaya ne tak, in kana da uwargida a gida kar wani ya ce maka je ka yi na rajista don takarda ta fi ƙarfi, ga lauya tukuna.

[Hoto: filin jirgin Malam Aminu Kano, sai iyakar Jibiya]

Na biyu shigowa. 'Yar ƙasashen ECOWAS tana shiga ba biza ta zauna har kwana 90, bayan nan sai katin zama. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutanensu suna shige da fice kafin a sake sanarwa, don haka mai mata 'yar Nijar ya riƙa bibiyar labari. 'Yar Masar ko Maroko ko Indiya kuwa sai da biza, akwai ta matar ɗan ƙasa musamman.

Na uku katin zama daga hukumar shige da fice, wanda ake ce wa CERPAC. Da shi za ta zauna lafiya lau ba mai tsare ta.

[Hoto ya tsaya a kan katin]

Toh a nan ne mutane ke ɓata. Ku tsaya ku ji da kyau.

Wannan katin izinin zama ne kawai, ba ta zama 'yar ƙasa ba. Har yanzu fasfonta na ƙasarsu ne, ba za ta yi zaɓe ba, ba za a ba ta koren fasfo ba. Wani zai ce ai tana da NIN, eh tana iya samu, don hukumar NIMC tana yi wa duk baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida rajista, lambar ba ta nuna kai ɗan ƙasa ne. Kamar mai haya ne da ya shekara ashirin a gida, kowa a unguwa ya san shi da gidan, amma takardar gidan ba sunansa ba ne a kai.

[Hoto: kundin tsarin mulki na 1999, ana buɗe babi na uku]

Abin da aure ya ba ta shi ne damar ta nema. Sashe na 26 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk macen da take auren ɗan Najeriya, ko ta taɓa aurensa, za a iya yi mata rajistar zama 'yar ƙasa in shugaban ƙasa ya gamsu da abu uku, tana da halin kirki, ta nuna a fili cewa a nan take son zama dindindin, sannan ta yi rantsuwar biyayya ga ƙasa. Ku lura da wannan wajen, "ko ta taɓa aurensa". Ma'ana ko mijin ya rasu, ko aure ya mutu, ƙofar ba ta rufe ba. Wallahi wannan layin nake so ya kai ga matan da aka bari da marayu a Tudun Wada ko Gyallesu ko cikin birni suna ta fargaba wai za a kore su tunda maigida ba ya nan, Hajiya kina da haƙƙin nema, kuma dangin miji ku taimaka mata da takardu, amana ce.

Kuma fa ba imigireshin ke bayarwa ba, wannan ma wani ruɗanin ne. Ma'aikatar harkokin cikin gida ake nema, a cika fom a shafinta na intanet, a haɗa takardar aure da shaidar cewa mijin ɗan ƙasa ne da katin zamanta da takardun haihuwar yara in akwai, jami'an DSS su yi bincike, kwamiti ya duba, a ƙarshe sai shugaban ƙasa ya amince. Shi ya sa ba abu ne na sati biyu ba, tari tari ake bayarwa. A watan Satumban 2022 marigayi shugaba Buhari ya ba mutum 286 takardar zama 'yan ƙasa a taro ɗaya a Abuja, 78 ne daga ciki ta hanyar rajista. Kun ga ashe ba kowace amarya da ta sauka a jirgi ke samu nan take ba.

[Hoto: mace tana tafiya da yara, mijinta a gefe]

Yanzu mu juya abin. Ke 'yar Zariya kin auri ɗan wata ƙasa. Sashe na 26 "mace" ya ce, bai ce miji ba. Mijinki ko shekara nawa kuka yi, ko yara goma kuka haifa, auren bai buɗe masa wannan ƙofar ba. Zai samu izinin zama na musamman a matsayin mijin 'yar ƙasa, wannan akwai, amma in yana son zama ɗan ƙasa sai ya bi sashe na 27 kamar kowane baƙo da bai da kowa a nan, wato ya zauna shekara 15 a jere, ko kuma ya yi wata 12 a jere dab da nema sannan a cikin shekara 20 da suka gabaci wata 12 ɗin nan jimillar zamansa ta kai 15, ga sharaɗin ya zama mai amfani ga ƙasa, ga kuma gwamnan jihar da yake zaune, a wajenmu gwamnan Kaduna kenan, sai ya gamsu cewa mutanen wurin sun karɓe shi kuma ya saje da rayuwarsu. Mutum yana jin Hausa kamar a Ƙofar Doka aka haife shi, yana cin tuwo da miyar kuka har da neman ƙari, amma sai ya ƙirga shekara 15.

Ni a gani na wannan ba adalci ba ne, kuma zan faɗa a fili. 'Yarmu da ɗanmu duk 'yan ƙasa ne, me zai sa auren ɗaya ya buɗe ƙofa na ɗaya ya ƙi. An kai ƙudurin gyara wannan sashe gaban majalisar tarayya, ranar 1 ga Maris 2022 aka kada shi tare da wasu ƙudurorin da suka shafi mata, mata suka yi kwanaki suna zanga zanga a ƙofar majalisa, majalisar wakilai ta ce za ta sake dubawa, amma bai shiga cikin gyare gyaren da aka sa wa hannu a 2023 ba.

[Hoto: yara a makarantar allo]

Yaran fa? Nan hankali ya kwanta. Sashe na 25 ya ce in ɗaya daga cikin iyaye ɗan Najeriya ne, uwa ce ko uba, yaro ɗan ƙasa ne ta haihuwa ko a Khartoum aka haife shi. Kar wani ya ce miki yaranki baƙi ne don ubansu baƙo ne.

[Hoto: fasfo biyu gefe da gefe]

Sai maganar fasfo biyu. Dokarmu ta bar matar ta riƙe ƙasar da aka haife ta a kanta, amma in akwai wata ƙasa ta uku da ta samu daga baya dole ta ajiye ta. Sai dai ku duba dokar ƙasarsu ma, Indiya da Sin ba sa yarda da ƙasa biyu, ranar da ta karɓi tamu ta saki tasu kenan, kuma wannan shawara ce da ita za ta yanke da kanta da iyayenta, ba miji ya matsa mata ba. Bayan ta samu za ta yi katin zaɓe ta yi fasfo, amma muƙamin zaɓe ko na naɗi da kundin ya tanada sai bayan shekara 10, shugaban ƙasa da gwamna kuwa na ɗan ƙasa ta haihuwa ne kawai.

[Hoto: hannu yana miƙa ambulan, an ja jan layi a kai]

Akwai masu ce maka kawo kuɗi kaza a samo wa madam takardar 'yar asalin ƙaramar hukuma a yi mata fasfo cikin sati ɗaya. Don Allah Malam kar ka yi. Laifi ne babba, yanzu komai da zanen yatsa ne a kwamfuta, ranar da abin ya tashi ita za a tsare a filin jirgi da yara a hannu, kuma mace mai hanyar halak a buɗe ka je ka ɓata mata sharaɗin halin kirki da hannunka. In katin zamanta ya kusa ƙarewa je ofishin hukumar shige da fice na Kaduna ka sabunta kafin ranar, sannan ka fara tara takardun rajistar tun yanzu, kowace ka yi mata kwafi ka ɗauki hotonta a waya.